Saleh Ashirin-da-Ɗaya

In kana neman Malam Saleh a Gashuwa, kada ka ɓata bakinka da tambayar Saleh birkila, don masu wannan suna a sana'ar gini sun fi a ƙirga. Ka ce Saleh Ashirin-da-Ɗaya. Nan take za a nuna maka inda yake aiki, kuma mai nunawar sai ya ɗan taɓe baki kafin ya ɗaga hannu. Sunan ba na yabo ba ne. Leburori ne suka laƙaba masa, saboda duk benen da ya zuba wa dekin, wato rufin kankare, ba mai taɓa gorar da aka tokare shi da ita sai an kwana ashirin da ɗaya cif. Ko mai ginin ne ya zo da kansa, ko injiniya da hular kwanonsa, amsar ɗaya ce, kuma ba ya ko yi mata ado.

Asalinsa ɗan Nguru ne. Kakansa daga Haɗeja ya zo, zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar gyaɗa da fata, ya kafa rumfar yadi a kasuwa, uban Saleh ya gaje ta. An so shi ma ya gada, amma ina. Mace za ta ɗaga atamfa tana yabawa, sai Saleh ya ce mata wannan fa tana zuba, ta duba ta rumfar gaba. Uban ya yi faɗa, ya yi rarrashi, ya kai shi wurin malamai, daga baya ya haƙura ya ce bakin yaron nan zai kashe masa rumfa da ransa. Haka Saleh ya koma ɗaukar kwanon sarki a wurin gini, yana hawa katako da kankare a ka. Daga lebura ya zama birkila, daga birkila aka fara damƙa masa aiki gaba ɗaya da mutanen cikinsa. Ƙanensa Abdussalam, wanda suke ciki ɗaya, shi ma ya bar rumfar ya biyo shi, don tun suna yara duk inda Saleh ya sa ƙafa nan yake mayar da tasa.

Shekara goma sha bakwai ke nan da abin ya faru. Wani bene ne a Nguru, an zuba dekin an kwana goma, sai mai ginin ya matsa a cire masa rabin gorar zai kai wani aikin. Saleh ya ɗauki guduma ya ƙwanƙwasa kankaren, ya ji ya yi ƙara kamar dutse, ya ce a cire. Bayan azahar Abdussalam ya shimfiɗa buhun siminti a inuwar kusurwar gabas ya kishingiɗa. Kusurwar ce ta sauko.

Ba wanda ya zarge shi, kuma wannan ne ya fi ci masa rai. Masu gaisuwa suka ce kwana ne ya ƙare, liman ma haka ya ce, mai ginin ya zo har gida ya yi kuka. Mahaifiyarsu ba ta taɓa cewa uffan ba har ta koma ga Allah, sai dai daga ranar ta daina tambayarsa ya aiki in ya shigo gaishe ta. Da ma wani ya shaƙe shi ya ce kai ka kashe shi, da ya samu abin amsawa. Bayan arba'in ya tattara matarsa Asibi da 'yarsu ɗaya ya koma Gashuwa, kuma bai taɓa faɗa wa kowa a can dalili ba. Yanzu Asibi shekararta biyar a ƙasa, 'yar kuma, Raudatu, tana aure a Machina, tana kiransa ranar Juma'a in akwai sabis. Ɗaki ɗaya yake haya bayan tasha, da tabarma, da buta, da rediyon da ba ya kunnawa sai lokacin labarai.

To me ya sa masu gini ke jure wa mutum mai taurin kai haka? Saboda ya san mutanensa. Injiniya zai zo daga Damaturu da kwamfuta, ya buga takarda mai layi-layi cewa ranar kaza mutum talatin za su yi kaza, kamar mutanen bulo ne da aka jibge a sito. Saleh sai ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya je bangon ɗakin ajiyar siminti ya zana nasa da gawayi. Ya san washegarin ruwan farko ba za ka ga ɗan Karasuwa ko ɗaya ba, duk suna gona suna shuka. Ya san ranar kasuwar Jajimaji amalanken Bobboi ba ta kawo yashi ko za ka yi masa kuka da hawayen jini. Ya san wanda azumi ke kayarwa da hantsi, da wanda bai kamata a ɗora a tsani ba don yana da jiri yana ɓoyewa. Sama da komai, ya san in kogi ya cika ya malala fadama, leburorin da suke masunta jikinsu ne kawai a wurin aiki, hankalinsu yana kan ruwa. Da wannan gawayin yake gama aiki a kan lokaci, kuma tun da ya zo Gashuwa ba a taɓa ɗaukar kowa a kafaɗa daga wurin aikinsa ba.

Sai dai mutumin da ke cewa sauko, da koma gida yau ba ka da lafiya, da ba yau ba, ba ya tara abokai. In Gogo mai abinci ta sauke tukunya da rana, ma'aikata kan zauna da'ira suna ci suna tsokanar juna, Bade na zolayar Barebari, Barebari na ramawa. Da Saleh ya matso sai hirar ta mutu, kowa ya sa ido a kwanonsa. Tun yana matsowa har ya daina. Yakan karɓi nasa ya je gindin tulin bulo ya zauna, yana jin dariyarsu daga nesa, kuma wallahi abin yana damunsa, don shi ma a da mai ba'a ne.

Bara Alhaji Yunusa, ɗan kasuwar hatsi, ya ba shi aikin bene a kan hanyar Nguru, shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama. Saleh ya tsara a zuba dekin kafin kogi ya kawo, ya gaya wa Alhaji dalili har sau biyu. Rodi ya yi lattin mako uku a hanya. Da ya iso damina ta yi nisa, Saleh ya dubi bangon gawayinsa ya goge rabi da tafin hannu ya sake zanawa.

Ranar zubi kam an yi aiki. Mutum arba'in da ɗoriya, tun bayan asuba injin kwaɓa siminti ke ruri, kwanon sarki na bin kwanon sarki a kan katako, ana waƙa ana zufa, har la'asar sakaliya aka shafe kusurwar ƙarshe. A ƙarƙashi kuwa gora ce ɗari da tamanin da shida, irin doguwar nan da ake kawowa daga kudu a tirela, a tsaye reras suna riƙe da katakon da aka zuba kankaren a kai. Kowace Saleh ya shafa mata jan fenti a wuya da hannunsa. Kullum in ya fito masallacin asuba nan yake fara zuwa, ya ratsa tsakaninsu yana ƙirgawa, yana tura kowace da tafin hannu ya ji ko ta saki.

An kwana takwas Alhaji ya fara ƙorafi, ya ce lokaci na tafiya, a fara hawar da bulon sama. Saleh ya yarda da sharaɗin gora ba za ta motsa ba. Aka hau da bulo aka jera. A cikin makon ne kogi ya kawo, ruwa ya shafe fadama har gindin gonakin shinkafa, unguwannin bakin ruwa suka cika da ƙaurin kifi a kan wuta.

Safiyar kwana na goma sha ɗaya ya ƙirga ya samu ɗari da saba'in da biyar. Ya ce ko shi ne ya yi kuskure, ya sake. Ya sake na uku yana taɓa kowace. Goma sha ɗaya babu, kuma duk daga wuri guda, kusurwar da ta fi inuwa, inda ma'aikata ke salla su ci abinci su ɗan miƙe baya. Ya ɗaga kai ya ga katakon wurin ba abin da ke riƙe da shi na kusan taku huɗu, ga bulo jibge a samansa. Ya fito da sauri ya nemi maigadin wurin.

Maigadi bai ɓoye ba, don shi bai ga laifi a ciki ba. Ya ce jiya da yamma bayan an tashi Fatihu, ɗaya daga cikin leburorin nan masunta, ya zari ɗaya, ya ce sandar tuƙin jirginsa ce ta karye, zai dawo da ita. Da sauran masuntan suka ga haka kowa ya zari tasa. Ba sata ba ce a wurinsu. A bakin kogi in ka ga sandar tuƙi a yashe kuma kana da buƙata, ɗauka kake yi ka yi aikinka ka mayar, haka suka taso suka ga iyayensu na yi. Ga gora miƙaƙƙiya mara nauyi, wadda babu irinta a dajin nan, har ɗari da wani abu a tsaye ba ta aikin komai a ganinsu. Kowannensu kuma guda ɗaya tak ya ɗauka.

Kafin ma'aikata su iso Saleh ya zagaye ginin da igiya, ya yayyaga buhun siminti ya ɗaɗɗaura mata. Ya ce yau ba mai hawa, ba mai shiga, ko takalminka ne a ciki ka bar shi. Aka fara gunaguni. Wani ya ce dekin da ya kwana goma ai ko giwa ta hau ba abin da zai yi, wani ya ce tsufa ne ya fara taɓa Baba. Aka kira Alhaji Yunusa a waya, ya zo da mota ransa a ɓace, ya tsaya a bakin igiyar ya saurari bayanin har ƙarshe.

"Malam Saleh, ginin nan nawa ne ko naka?"

"Ginin naka ne, Alhaji. Mutanen da ke zama a ƙarƙashinsa ni na kira su."

Alhaji ya yi tsaki ya koma mota. Saleh ya zaga masu sayar da katako uku, babu gora ko ɗaya a garin, sai an yi mako kafin wata ta iso, itacen da ke akwai kuma gajere ne, karkatacce. Bulon sama ba ya saukuwa sai mutum ya taka wurin da ake tsoro. Saura hanya ɗaya. Ya ɗaura wa maigadi alhakin igiyar, ya kama hanyar bakin kogi a ƙafa, rana tana tsakiyar ka.

Ba sai ya yi tambaya ba. Daga kan gaɓa yana hango jan fentinsa yana sama yana ƙasa a kan ruwa, nan ɗaya, can ɗaya. Fatihu, magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, ƙaƙƙarfa, wanda ba a taɓa kama shi da ha'inci a wurin aiki ba, yana bakin gaɓa yana zazzage kifi a kwando. Da ya ga Saleh ya miƙe da fara'a, ya rusuna ya gaishe shi, har ya zaɓo manyan tarwaɗa biyu zai ba shi. Da ya ji abin da ya kawo shi sai ya yi dariya, ba ta raini ba, irin wadda ake yi wa tsoho mai yawan damuwa. Ya ce Baba ya kwantar da hankalinsa, ruwan nan na 'yan makonni ne, in ya wuce sai baɗi, kuma jibi-jibi zai mayar da gorar inda ya ɗauko ta.

"Kuma ban ɗauka da ka ba, Baba. Sai da na sa guduma na ƙwanƙwasa dekin ɗin. Ƙara yake kamar dutse."

Saleh ya dube shi. Sannan ya nemi gefen wani jirgi da aka kife ya zauna.

"Ni ma na ƙwanƙwasa, Fatihu. A Nguru. Haka ya yi mini ƙara, na ce a cire. Ƙanena ne a kwance a ƙarƙashi, uwa ɗaya uba ɗaya. Da hannuna na tone shi."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma shi ne karo na farko da maganar ta fito daga bakinsa tun da abin ya faru. Ko Asibi bai taɓa zama ya yi ta da ita ba. Fatihu ya tsaya da tarwaɗa a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya yi salati a hankali, ya ajiye kifin, ya zaro gorar daga jirginsa ya kwantar da ita a gaban Saleh. Sannan ya ɗauki filafili ya tura jirgin cikin ruwa, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Saleh yana zaune a rana yana hango shi yana tsayawa gefen kowane jirgi, ana ɗan ja-in-ja, daga baya a miƙo masa. Abin da ya gaya musu Saleh bai ji ba, bai kuma tambaya ba.

Tara suka dawo kafin la'asar, jiƙe sharkaf, gindinsu duk laka. Biyu sun yi nisa da masu su, sai Saleh ya aro bututun ƙarfe biyu a wurin wani mai haƙar rijiyar burtsatse. Fatihu ya ce zai taya shi kafawa, Saleh ya ce ya tsaya bayan igiya ya riƙa miƙo masa. Shi kaɗai ya shiga kusurwar, ya kafa su ɗaya-ɗaya yana buga musu katako a gindi har suka ɗau nauyi. Washegari ma bai bari an hau ba, sai da ya kwana ya ga ba abin da ya motsa.

Daga nan fa? Ba abin da ya faru. Dekin bai tsage ba, bai lanƙwasa ba, ko ƙura bai zubar ba. Wannan ita ce masifar irin aikin Saleh, in ya yi daidai ba shi da abin nunawa. Ma'aikata suka ce ka gani ko, kwana biyu a banza saboda tsoron tsoho. Masuntan da aka karɓe wa gora a tsakiyar kamu suka daina gaishe shi sai da ka. Alhaji Yunusa ya aiko direbansa ya ce in an cire gora Malam Saleh ya huta, ya samu wani ɗan Potiskum mai hanzari da zai ƙarasa sama. Saleh ya ce Allah ya sa albarka. Da yamma ya tsaya gaban bangon gawayinsa, inda ya riga ya zana aikin sama har zuwa ranar fenti, da sunan kowa da ranar da gonarsa za ta kira shi. Ya ɗaga hannu zai goge sai ya fasa, ya ce ko ɗan Potiskum ɗin zai duba.

Ranar ashirin da ɗaya aka cire gora. Saleh yana da al'ada a irin wannan rana, wadda duk wanda ya yi aiki da shi ya sani. Ta ƙarshe shi ke cire ta da hannunsa, sannan ya fitar da kowa, ya mayar da igiya, ya shimfiɗa buhun siminti a ƙarƙashin dekin ya zauna shi kaɗai daga azahar har la'asar. Wani injiniya ya taɓa yi masa dariya ya ce wannan ba gwaji ba ne, ba ya nuna komai. Saleh ya ce ya sani. Shi dai in dekin zai sauko, gara ya tarar da wanda ya ba da umarni.

Ya zaɓi kusurwar da aka zare wa gora ya zauna, kwanon shinkafa da wake na Gogo a gabansa. Wurin ya yi faɗi ya yi shiru, sai sanyin sabon kankare. Can gindin dalbejiya yana jin ma'aikata suna dariya, wani yana kwaikwayon yadda yake ƙirga gora yana tura iska da tafin hannu. Ya kai loma biyu ya ture kwanon gefe.

Sai ya ji motsin igiya. Fatihu ne ya sunkuya ya shigo, da kwanonsa a hannu ɗaya, da gasasshen kifi a takarda a ɗayan. Ya zo har gabansa ya tsuguna, ya buɗe takardar a tsakaninsu, ya ce bismilla, kamar abin da suka saba yi kullum. Rabon da wani ya sa hannu a kwano ɗaya da Saleh tun rasuwar Asibi. Ya dubi kifin, ya dubi mutumin. Allah ya sani yana son ya ce zauna. Ya ɗaga kai ya dubi kankaren da ke samansu.

"Tashi ka fita, Fatihu."

"Baba, ai ya kwana ashirin da ɗaya."

"Na sani. Sai la'asar. Kana da 'ya'ya huɗu, tashi."

Fatihu ya ɗan jima a tsugune, sannan ya raba kifin biyu, ya bar rabi a takardar, ya ɗauki kwanonsa ya fita. Bai koma gindin dalbejiya ba. Yana tsallake igiyar ya zauna a ƙasa daidai inda inuwar ginin ta ƙare, cikin rana, ya juyo yana fuskantar Saleh ya fara cin abincinsa. Mutanen gindin bishiya suka kira shi, bai waiga ba.

Saleh ya jawo takardar gabansa ya gutsuri kifin. Tsakaninsu bai fi taku shida ba, kuma da sauran sa'a biyu kafin a kira la'asar.